Abin da Ba a Yi Ba Ranar Sunanka

Laraba. Aikin farko: kai jakar Abba wurin tela a Kawukudi, a sake mata zif.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sauke ka Tamale lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya sa ka shiga sabon aikinka da ƙafar dama. Wannan takarda a aljihun cikin jakarka zan cusa ta, ƙarƙashin rigunan aiki. Lokacin da za ka gan ta ka riga ka yi nisa da unguwarmu ta Nima, kuma da gangan na yi haka. Kwano ɗaya muke ci ni da kai, amma maganar nan in na ɗauko ta a gabanka sai harshena ya ɗaure. Ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba, don sunan mahaifina ne. Wanda bai iya kiran sunan ɗansa ba, ina zai iya yi masa maganar abin da wando ya rufe?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, ka same ni a bakin ƙofa ina goge takalmi, ka ce mu shiga ciki. Da Turanci ka yi maganar, ina jin don Hausa ta yi maka nauyi. Ka ce fatar gabanka ta matse, ba ta ja baya, tana tsagewa tana kumbura, fitsari ma da zafi kake yi. Ka ce ka kai kanka asibiti, an ba ka man shafawa, ka yi makonni kana shafawa bai yi ba, saboda wurin ya riga ya yi tabo. Likita ya ce abin da ya rage kaciya. Ka ce ba za ka yi ba, don ka karanta a waya cewa wanda aka yi wa da girmansa yana iya rasa jin daɗin iyali, kuma abin da aka yanke ba ya dawowa. Daga ƙarshe ka ce in je Maamobi in gaya wa iyayen Rukayya, yarinyar da kake neman aure, su daina jiranka.

Ni kuma abin da ya fara fita daga bakina shi ne, "Wa kuma ka gaya wa?"

Ka dube ni ka ce, "Ba kowa, Baba. Asirinka yana nan." Ka ɗauki buta ka fita.

Ɗana ya ce mini yana ciwo, ni ina tambayar wa ya ji. Tun ranar nake juya wannan kalma a raina. Ba sabuwar halayya ba ce, ta girme ka. Bari in faro maka daga tushe, don ban taɓa ba ka labarin a jere ba.

Ka zo duniya kafin lokacinka, ɗan ƙarami, idanunka ruwan ɗorawa da shawara. Ana gobe suna aka sallame ku daga asibiti. Likitan ya ja ni gefe ya ce a aske kai in ana so, amma kada a yi kaciya sai ka yi ƙwari, a dawo da kai bayan wasu watanni. Magana ce mai sauƙi. Da na maimaita ta a gaban mutane kamar yadda aka faɗa mini, da babu wannan takarda.

Amma a lokacin ina da shekara ashirin da biyu, ni kaɗai ne mai takardar sakandare a gidanmu, ban daɗe da samun aikin rubuta takardun kaya a tashar Tudu ba, ana ce mini Akawu, kaina yana rawa. Kuma na ji matan gidan suna raɗa cewa ɗan Hajara, wato kai, ba mai zama ba ne. Ban so in tsaya a gaban taro in ce ɗana ba shi da ƙarfin da zai ɗauki aska ba.

Da safe aka jera benci a lungu, liman ya raɗa suna, aka yanka rago. Baba Sule wanzami ya buɗe zabirarsa. Shi ne wanzamin gidanmu tun zamanin mahaifina. Ya aske maka kai tas, ya goge askar, ya ɗauko wata ƙarama ya ce, "Akawu, a kwance wa ango zane."

Na ce, "An riga an yi masa a asibiti, Baba."

Ya tsaya da askar a hannu. "Asibiti? Ni na yi maka, na yi wa yayyenka uku. Akwai wanda ya dawo da ƙara a cikinku?"

Mutane suka yi dariya. Yayana Mamudu ya ce, "Ƙyale shi, Baba, Bature muka haifa a gidan nan." Wani daga baya ya ce boko ya cinye aska. Ni kuwa har wani daɗi na ji, kamar yabona ake yi. Baba Sule ya naɗe zabirarsa, ya karɓi goronsa, ya tafi bai taɓa masar da aka ajiye masa ba.

Da taro ya watse mahaifiyarka ta ce, "Malam, me ya kai ka faɗin haka?"

Na ce, "'Yan watanni ne, mu kai shi a yi. Wa zai sani?"

Ta ce, "Gidan haya ne fa. Nan ko tari ka yi, ɗaki goma sun ji."

Ita ce da gaskiya. Abba, in gaskiya za ta ba ka kunyar safiya ɗaya, ka sha kunyar, rana na yi ta wuce. Ni na guje wa ta safiya ɗaya, kai ka ɗauki ta shekara ashirin da biyu.

Kuskure na biyu ya fi na farko, don na farko a cikin ruɗu na yi shi, na biyu kuwa a natse. Ka san yadda ake yi a zango, unguwannin Hausawa irin tamu. Yaron da aka yi wa kaciya kwanaki yake yi da riga babu wando, mata na shigowa sannu, ana kawo masa ƙwai da nama. Ba abin da za a ɓoye ba ne a gida irin namu. Sai muka shirya mu kai ka Ashaiman wurin gwaggon mahaifiyarka, wadda ta yi muku wankan jego, ita kaɗai ta sani bayan mu. A yi a can, ka warke, mu dawo. Shiri ne mai kyau, kuma ni mutum ne mai son shiri. Na ce bari damina ta wuce. Damina ta wuce, na ce bari aiki ya yi sauƙi a tasha. Sai cikin ƙanwarka Fati, sai haihuwarta, sai gwaggo ta koma Yendi. Kowane dalili in ka ɗauke shi shi kaɗai, dalili ne na gaske. Sai yanzu da na jera su na ga duk abu ɗaya ne, tsoro ne yake sake riga.

Kana da shekara shida mahaifiyarka ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. A cikin kwanakin ƙarshe, ina ba ta koko da cokali, ta ture cokalin ta ce, "Ka kai yaron nan." Ban tambaye ta ina ba. Na ce to. Allah Ya ji ƙanta, ta tafi da wannan "to" ɗin nawa.

Sauran ka fi ni sani, a jikinka aka yi. Yaran gida suna wanka a bakin famfo suna watsa wa juna ruwa, kai kana wanka a baho a cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Washegarin salla samarin lungu su cika mota su tafi bakin teku, ni in ce maka teku na cin mutane. Ban taɓa zaunar da kai na ce ga dalili ba, kai ma ba ka taɓa tambaya ba. Ban san ranar da ka gane ba. Na dai lura ka daina roƙo.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na makaranta. Ka ci jarrabawa, aka ba ka makarantar kwana ta wajen Cape Coast, irin wadda ni na yi mafarkinta ban samu ba. Ka shigo da takardar kana haki. Ni abin da na hango ɗakin wankan ɗalibai ne, da yaran Nima biyu da aka tura can tare da kai, da abin da za su dawo da shi hutu. Na ce, "Wa zai taya ni kula da Fati?" Ka ajiye takardar a kan tebur, ka daidaita ta da gefen teburin kamar yadda nake yi, ka ce, "To, Baba." Ka yi shekara uku kana bin trotro, motar haya, zuwa makarantar jeka-ka-dawo. Ba don Fati ba ne. Ina so ka gani a rubuce da hannuna, kada wata rana ka riƙe ta da abin da ba ta sani ba.

Akwai kuma lokutan da ka ce mini fitsari na yi maka zafi, na sayo maka jiƙo wurin mai tallan magani a mota, na ce ka yawaita shan ruwa. Na san ba maganin ke nan ba. Na koya maka cewa ciwon wurin nan ba a faɗarsa, kuma ka koya da kyau.

Saboda haka ga abin da nake roƙonka, ko ka yarda da kaciyar ko ba ka yarda ba. Kada ka ja fatar da ƙarfi, kowace tsagewa tabo take ƙarawa. In ta taɓa ja baya ta maƙale, ta ƙi dawowa, wurin ya fara kumbura, ka bar duk abin da kake yi ka tafi asibiti a sa'ar nan, ko a tsakiyar aiki kake, ko a sahun salla. In fitsari ya tsaya, haka. Ka sa a auna maka sukari, an ce yawan kumburin wurin wani lokaci daga nan yake. Kuma kada wani ya kai ka bayan gida wurin mai aska don a yi a ɓoye. Na faɗi wannan ne don ni kaina tunanin ya zo mini a makon nan, na kore shi. Aikin jariri daban, na babban mutum daban.

Yanzu maganar da ta hana ka, ta jin daɗi. Ranar Juma'a da ka fita, na so in bi ka in ce ƙaryar waya ce, babu abin da ke canzawa. Allah Ya taimake ni ban bi ka ba, don da na sake yi maka ƙarya. Ban sani ba, Abba. Ni ina ɗan kwana bakwai aka yi mini, ba ni da abin da zan gwada da shi. Tsoronka ba wauta ba ne. Don haka na je na tambayi waɗanda suka sani.

Ka san Isaka, shugaban masu lodi a tasharmu, mutumin wajen Bolga. Ya haura talatin kafin ya musulunta, kuma da matarsa tun kafin nan. Ranar Litinin na same shi a inuwar wata babbar mota yana cin wake da shinkafa a ganye.

Na ce, "Isaka, tambaya gare ni, ta wani ɗan abokina ce."

Ya ce, "Kullum ɗan aboki ne. Akawu, in aure za ka ƙara ka faɗa mini in sayi shadda."

Na daure na yi masa bayani, ban kama suna ba. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na miƙa masa ruwa.

"Wato ni ka nemo don ni na ci kasuwa biyu. To zauna. Satin farko, cale, abokina, ko iska ya taɓa ni sai na yi ƙara. Zanen matana na ɗaura kamar mai jego, wando ya zama abokin gaba. Da asuba in jiki ya tashi da kansa, ɗinki ya ja, sai in kira sunan kakana da ban taɓa gani ba."

"Bayan ka warke fa?"

Ya daina dariya. "Ya canza. Ba zan ce maka bai canza ba. Da, kamar ƙafar da ba ya fita daga takalmi. Yanzu kamar ƙafar da ya saba da ƙasa. Yana jin ƙasa sarai, amma ba ya tsalle don ɗan tsakuwa. Ni ban ga asara ba. Matana bai kai ƙarata wurin kowa ba, kuma yara huɗu muka ƙara, kai ne akawu, ka lissafa." Sannan ya ce, "Amma akwai wani ɗan garinmu, rana ɗaya aka yi mana. Shi har yau yana cewa an rage masa wani abu. Ban ce ƙarya yake ba. Jikinsa ne, shi ya sani."

Da na tashi ya ce, "Ɗan abokin nan naka, yanzu yana jin zafi?"

Na ce yana ji.

"To ka ce masa ni lafiyata ƙalau na je, ina da abin da zan rasa. Shi ƙaya ce a ƙafarsa, yana tsoron kada a cire ta rawa ta canza."

Jiya kuma na nemi izini a wurin aiki na je asibiti, na bi layi kamar mara lafiya. Likitar da na samu mace ce, kusan sa'ata. Gumi ya jiƙa mini riga kafin in gama tambaya. Ta ce ba za ta yi mini maganar wani majiyyaci ba, amma za ta gaya mini abin da take gaya wa kowa. Ta ce da farko wurin yakan yi saurin ji har ya dami mutum, sannan ya lafa a hankali. Bayan an warke, wasu su ce babu bambanci, wasu su ce ji ya ɗan ragu, wasu kuma su ce sai yanzu suka san daɗin, musamman waɗanda da zafi suke saduwa. Ta ce babu likitan kirki da zai yi wa mutum rantsuwa a kan wanne zai samu. Ta ce akwai ƙaramin aiki da ake faɗaɗa fatar ba tare da an cire ta duka ba, yana yi wa wasu, amma in tabo ya yi yawa ba ya cika yi, sai an duba mutum. Ka tambaya a kan wannan, hakkinka ne. Warkewa kuma ta ce a ba ta wata guda zuwa wata ɗaya da rabi kafin a kusanci iyali.

Iyakar abin da na samo ke nan. Ban rage ba, ban ƙara ba, har wanda bai yi mini daɗin ji ba na rubuta.

In ka tambayi ra'ayina, ina so ka yi. Ina so don ciwon ya rabu da kai, ina so kuma don sunna ce. Amma kada wani ya sa ka ɗauka musuluncinka ragagge ne. Na lura tun kana saurayi ba ka yarda a tura ka gaba a salla, alhali ka fi duk abokanka karatu. Ni ba malami ba ne, amma abin da na koya a makarantar allo shi ne wannan nauyi a wuyan uba yake. In akwai wanda za a tambaya, ni ne.

Saura maganar Rukayya. Ba zan je Maamobi da saƙon nan ba. Wannan ne karo na farko da ka aike ni na ƙi, ka yi haƙuri. Abin da kake shirin yi mata shi na yi maka: ka yanke hukunci a kan rayuwarta, ka ba ta dalilin ƙarya, ka bar ta tana neman laifinta. Yarinyar nan ranar da aka kai gaisuwa ta leƙo ta taga sau nawa, ina gani. Ba na ce ka zayyana mata komai ba. Ka ce mata akwai larurar da likita ke dubawa, ta shafi zaman aure, kana neman lokaci. In ta tambaya, ka amsa. In ta ce ba za ta iya ba, ka san da saninta ta tafi.

Zan gaya maka abu ɗaya game da ni da mahaifiyarka, sannan in rufe bakina. Shekara bakwai muka yi. Jikina lafiya lau, babu abin da ya rage mini. Amma ban taɓa tambayarta me take so ba, ita ma kunya ba ta bar ta ta faɗa ba. A yau in na tuna ta, ba abin da fata ta ji nake nema ba. Hirar da ba mu yi ba nake nema. Ban ce jiki ba kome ba ne, kada ka ji ni a haka. Na ce dai na ga mai cikakken jiki da ya yi asara, don ni ne.

Na yi tunanin in tara yayyena in faɗa musu gaskiya, in sauke kayan nan. Har na sa takalmi. Sai na ga wannan ma son kaina ne, ni in ji sauƙi, kai a bi ka da kallo. Ƙaryar tawa ce, amma jikin naka ne. Ba zan gaya wa kowa ba sai ka ce. In kuma ka ce, to a tsakar gida zan faɗa, da rana, in fara da cewa ni na yi.

In ka yanke shawarar yi a Tamale, ka kira ni. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce "Baba, zo" kawai. Ina da hutun da ban taɓa ɗauka ba. Zan zauna a bencin asibiti, in dafa maka ruwa, in wanke maka zane, in yi jinyar da ya kamata in yi tun kana goye. In kuma ka yanke ba za ka yi ba, ka ci gaba da ganin likita, ni kuma ba zan sake tayar da maganar ba. Ban ce ka yafe mini ba. Wannan ma a hannunka yake, kuma babu gaggawa.

Fati tana gaishe ka, ta soya maka yaji ta ƙulle a gefen jakar, ka kula kada ya zube a kan kaya. Allah Ya kai ka lafiya, Ya ba ka maigida mai adalci da maƙwabta na kirki. Allah Ya yaye maka wannan ciwo ta hanyar da ta fi alheri, Ya ba ka zuciyar faɗin abin da ke damunka tun yana ƙarami. Allah Ya ji ƙan mahaifiyarka, Ya haskaka kabarinta. Amin.

Mahaifinka,
Haruna

Na gobe, in Allah Ya kai mu:

Karɓo jaka wurin tela, a gwada zif ɗin a gabansa.
Guge rigunan Abba biyu da suka rage a igiya.
Raka shi tasha. Kada in yi masa wa'azi a gaban direba.
Mahaifin Rukayya ya aiko a sa rana. A ce masa a ɗan dakata, ban san da wace kalma ba tukuna.
Gyaran waya, ba ta ƙara in an kira.
Tambayo lokacin da motar Tamale ke tashi. Kada in yanki nawa tikitin sai ya ce in zo.